Kawu, in kore su duka ne in ɗauko sabbin teloli?

Assalamu alaikum Kawu, dan Allah a ɓoye sunana. Ina da shagon ɗinki a Tudun Wada nan Zariya, shekara 7 kenan da buɗewa, yanzu mu goma ne har da ni. Akwai Baba mai yanka wanda shi ya koya min riƙe almakashi tun ina yaro a shagon mahaifina Allah ya jiƙansa, sai teloli huɗu, da mai aikin wuya a kwamfuta, da mai guga, da yaro ɗaya ɗan koyo, sai ƙanin matana da yake karɓan kaya da ɗaukan awo da riƙe littafi. Kowa ina biyansa ne da yawan abinda yayi, ban taɓa riƙe ma wani haƙƙinsa ba.

Matsalar ita ce babu haɗin kai ko kaɗan, kowa kansa ya sani. In kaya sun zo sai ayi ta wawason masu sauƙi a bar masu wuya, in keken wani ya lalace ba mai kallonsa, samarin sun ware gefe, Baba da mai guga sun ware gefe. Cikin azumin nan wani Alhaji babban kwastoma na ya kawo shadda ta sama da dubu 300, tashi da ta yaransa uku, aka haɗa awon babban ɗan da na wani, aka yanka aka ɗinka akayi aikin wuya aka goge, sai ranar jajiberin Sallah yaro ya saka kaya hannu bai kai ba wando ya ɗage. Da na tara su kowa yace ba shi bane. Daga baya ɗan koyon yake faɗa ma wani wai shi tun a tebur yaga kayan sunyi ƙanana don ya san yaron, shi ke kai musu ɗinki gida, amma yayi shiru. Haushi yasa na zaftare ma kowa kuɗin sati ɗaya, banda ƙanin matana tunda shi ba ɗinki yake ba. Ni bana wasa da aiki Kawu, ko bara da mai guga ya ƙona wata riga yazo ya faɗa min, a gaban kwastoma na wanke shi tas na cire kuɗin a aikinsa don ya zama darasi ga saura.

Tun daga lokacin shago ya koma kamar gidan makoki. Na buɗe guruf a WhatsApp ba mai magana, na siyo musu shinkafa da kaza nayi musu wa'azin hannu ɗaya baya ɗaukan jinka, suka cinye suka watse. Yanzu wanda yafi kowa iya ɗinki ma naji yana neman shago a Samaru, ga Babbar Sallah na tahowa. In kore su duka ne in ɗauko sabbi ko yaya zanyi?

Daga wani mai shago a Tudun Wada.

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kwastoma ranar jajiberi da lalataccen ɗinki a hannu ya san gara ƙasa ta tsage mutum ya shige. Kuma naga ka rubuta "ƙanin matana", shikenan na san da ɗan gida nake magana, Bakano ne kawai zai tsaya gyara maka Hausa. Tunda ɗan gida ne bazan yi maka kwana kwana ba.

Kar ka kori kowa. In ka kori tara ɗin nan ka ɗauko wasu tara daga Sabon Gari ko Kwangila ko ma daga Kano, na baka wata shida zaka sake rubuto min irin wannan wasiƙar sak, fuskoki ne kawai zasu canza. Abinda ka lissafo min ba halin mutanenka bane, karatun da shagon ya koya musu ne, kuma kai ne malamin makarantar. Na san ba daɗin ji amma ka daure ka karanta har ƙasa.

Mu bi shaddar Alhaji hannu da hannu. Wanda ya rubuta awo, ɗaya. Baba da ya yanka, biyu, kuma na tabbata ba yau Baba ya fara yanka ma gidan Alhajin nan ba. Tela uku, mai aikin wuya huɗu, mai guga biyar, ga ɗan koyo na shida wanda shi ma ya gani ƙiri ƙiri. Mutum shida, kana so kace min duk makafi ne? A'a, wasu sun gani, ko dai jikinsu ya basu, sai kowa yayi lissafi a ransa, in na buɗe baki me zai same ni? Amsar kuma kai ka basu ita tun bara, ranar da mai guga ya tako da ƙafarsa yazo ya faɗa maka gaskiya ka wanke shi a gaban baƙo. Kace don ya zama darasi ga saura, toh ya zama. Darasin da suka haddace shine a shagon nan wanda ya faɗi gaskiya shi ke kwana a ciki, wanda ya ninke riga ya cusa ta ƙarƙashin tari shi ke tsira. Yaron nan ɗan koyo ba mugunta yayi maka ba, haddarsa ce ya biya maka.

Ni kaina na taɓa zama wannan yaron. Ina saurayi nayi aiki a wata maɗaba'a nan gari, aka kawo katin ɗaurin aure, ina jera takardu naga an rubuta Asabar alhali kwanan watan da aka sa a Juma'a ya faɗo. Ogan namu mutum ne mai zafin kai, in ka nuna masa gyara sai yace toh zo ka zauna a kujerar tunda kai ka koya min aikin. Na ja bakina nayi gum. Aka buga kati 500, an raba kusan rabi kafin dangin ango su farga. Har yau in na tuna kunya nake ji, amma wallahi in aka mayar da ni wannan ranar gaban wannan ogan bani da tabbacin zan yi magana.

Kuma ba a shagon ɗinki kaɗai ake fama da wannan ba. Akwai wata malama a Jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, a shekarun 1990 ta shiga asibitoci tana binciken kurakuran da akeyi wajen ba marasa lafiya magani. Ta ɗauka ɓangaren da ma'aikata suka fi jituwa da shugabansu nan za'a samu ƙarancin kuskure, sai taga akasin haka, su suka fi yawan kurakurai a rubuce. Da ta ƙara tonawa sai ta gane ba wai sun fi yin kuskuren bane, sun fi faɗa ne, sauran ɓangarorin binnewa suke saboda tsoro. Daga baya kamfanin Google ma a 2012 ya fara bin diddigin ƙungiyoyin ma'aikatansa wajen 180 don ya gano me ke sa wasu sufi wasu, abinda yazo a sahun gaba ba digiri bane ba kuma wai an tara gwanaye wuri ɗaya ba, shine mutum ya samu natsuwar cewa in yayi tambaya ko yace nayi kuskure ba za'a tozarta shi ba. A masana'antar Toyota ta Japan kuwa har igiya suka rataya a saman layin haɗa mota, ƙaramin lebura in yaga abu ba daidai ba ja yake, shugaban layi ya taho da sauri, in ba'a warware ba layin gaba ɗaya ya tsaya. Kamfanin da minti ɗaya na tsayuwa kuɗi ne masu yawa a wajensa, amma sun gane gyara a kan layi yafi araha akan gyara bayan mota ta isa hannun mai ita.

Kai ma yi wannan lissafin da shaddar Alhaji. Da a tebur kafin almakashi ya taɓa ta yaron yace Baba anya kuwa, kuɗin gyaran kiran waya ɗaya ne. Bayan yanka, yadi biyu ko uku. Bayan aikin wuya, kaya sun tafi gaba ɗaya. Ranar jajiberi kuwa kaya sun tafi, Alhaji ya tafi, duk wanda Alhaji zai ba labari a majalisa shi ma ya tafi. Don haka abu na farko da zakayi, ka tara su ka faɗa da bakinka cewa daga yau duk wanda yaga abinda bai gamsu da shi ba, ko ɗan koyo ne, yana da ikon cewa a tsaya a duba, kuma ko da aka duba aka ga ba komai ba wanda zai masa dariya. Amma faɗa ba shine aikin ba, ba zasu yarda da kai ba, kuma suna da gaskiya. Zasu jira su ga mutum na farko da zai gwada. Ranar da wani yazo yana sosa ƙeya yace oga na ɓata aljihu, wannan minti ɗayan shine jarabawarka, fuskarka suke kallo gaba ɗayansu ko da kansu na kan keke. Ka haɗiye abinda ya taso maka, kace madalla da ka faɗa da wuri, kawo mu gani. In zaka yi faɗa ka bari sai an tashi, ku biyu, ba a gaban yara ba balle kwastoma.

Ka tuna abinda ya faru a Uhudu shekara ta 3 bayan hijira. An ajiye maharba wajen 50 a kan tudu akace kar su sauka ko me suka gani, mafi yawansu suka sauka, yaƙi ya juye, sahabbai 70 sukayi shahada har da Sayyidina Hamza. Wace asara ce ta kai wannan? Amma ka buɗe Suratu Ali Imrana aya ta 159 ka ga abinda aka umurci Manzon Allah (SAW) da shi, an faɗa masa da ya kasance mai kaushi mai ƙeƙasasshiyar zuciya da sun watse daga gefensa, sai akace yayi musu afuwa ya nema musu gafara kuma yayi shawara da su cikin al'amari. Ka lura fa, ba afuwa kaɗai ba, har da ci gaba da neman shawarar mutanen da sukayi kuskuren. Shadda dai ai bata kai nan ba.

Kar ka fahimce ni a karkace kace Kawu yace a bar kowa yayi abinda yaga dama. Kuskure daban, ha'inci daban. Wanda ke karɓan ɗinkin kwastomanka ta bayan fage yana yi da kekenka da man janaretonka, ko mai rage yadin mutane yana kaiwa gida, ko wanda aka gyara masa abu ɗaya sau biyar don baya so ya nutsu, wannan hukunci ya dace da shi har kora ma. Hukuncin gamayya ne nake ƙi, irin na sati ɗaya da ka zaftare. Ka hukunta mutum takwas, a cikinsu akwai teloli ukun da ko taɓa shaddar basuyi ba.

Yanzu maganar kuɗi, don nan ne wa'azinka na jinka ya faɗi ƙasa. Kana ce musu ku haɗa kai da baki, aljihunka kuma yana ce musu kowa tasa ta fisshe shi, wanne kake zaton zasu saurara? Telan da ya bar kekensa minti 40 ya taya ɗan'uwansa gyaran nasa ya rasa kuɗin wando guda, wanda ya tsaya nuna ma ɗan koyo yadda ake saka zif ya rasa, wanda ya ɗauki babbar riga mai cin yini ya rasa yayin da na kusa da shi ya zuba kaftani uku. A tsarinka duk wani aikin taimako tara ce mutum yake ci ma kansa. Ba sharri bane su gudu, suna da iyali.

Wasu zasu ce maka toh ka mayar da kowa albashin wata a huta. Ban yarda ba. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe mai suna Ringelmann ya taɓa sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, ya wallafa sakamakon a 1913, ya gano in mutum takwas suka haɗu a igiya ɗaya kowannensu kusan rabin ƙarfin da yake sawa in shi kaɗai ne yake bayarwa. Da zarar ba'a iya gane nawa kowa ya ja, sai hannuwa suyi sanyi. Mu ai ba sai Bature ya auna mana ba, shekara da shekaru iyayenmu suna gayya a ƙauyukan nan na Giwa da Soba da Maƙarfi, ka taɓa tambayar kanka me yasa gayya bata zama zaman kashe wando? Saboda kowa da kunyar da yake nomewa. An jeru, gona ɗaya ce, amma kunyar kowa a fili take, wanda aka bari a baya kowa na gani har makaɗi ya sako shi a waƙa, wanda ya fita kuma baya wucewa gida, juyowa yake ya tari na baya don ba'a zama cin abinci sai gona ta ƙare. Abu biyun nan tare suke tafiya, a ga aikin kowa da sunansa, amma ladan ƙarshe na kowa ne. Kai ka riƙe na farkon ka yar da na biyun.

Toh ga yadda nake gani. Ka bar biyan kowa da yawan aikinsa yadda yake, amma ku zauna tare ku sake yanka farashi, babbar riga da kayan da ke cin lokaci kuɗinsu ya hau yadda ba wanda zai guje su, kuma su zaka bari su faɗi nawa ya dace don sun fi ka sanin abinda ke cin yini. Sannan ka buɗe asusu na biyu, duk kayan da suka fita ranar da akayi alkawari kuma basu dawo gyara ba ka jefa wani abu a ciki, ko 300 ne ko 500 gwargwadon ƙarfin shago, ƙarshen wata a raba ma kowa har mai guga har ɗan koyo. In kaya suka dawo ba wanda za'a cire ma sisi, asusun ne kawai bai samu ba. Ka rubuta a allo a bango kowa na gani yana hawa. Zaka sha mamaki ranar da zakaji tela yana ce ma na kusa da shi kai miƙo in taya ka, Alhamis fa akayi alkawari. Kuma kowane kaya ya samu ɗan kati da ake maƙala masa da allura tun daga tebur, sunan mai kaya da awo da ranar karɓa, duk hannun da ya wuce ya sa alamarsa, mai yanka baya sa almakashi sai ya haɗa katin da littafi. Wannan katin na Naira nawa ne? Da shi da yanzu Alhaji na nan.

Mun zo inda ka bi ta gefe a wasiƙarka kamar mai tsallake kwata. Waye yake ɗaukan awo? Waye yake riƙe littafi? A ina aka haɗa awon ɗan Alhaji da na wani? A kan keke ko a littafi? Mutum ɗaya tak da ka tsame daga hukunci shine wanda kuskuren ya faro daga teburinsa, kuma duk shagon sun san haka, sun kuma san dalili. Ƙanena, wannan shine ya mayar da shagonka gidan makoki ba kuɗin satin ba. Ma'aikaci zai iya jure oga mai tsanani, abinda baya jurewa shine doka mai ido, wadda in ta hango surukin oga sai ta kauce. Shinkafa da kaza basa wanke wannan, ko rago ka yanka.

Bance ka kore shi ba, na san yadda gida zai ɗauki zafi, kuma wataƙila yaron kirki ne aiki ne yayi masa yawa, mutum ɗaya da awo da littafi da kuɗi da amsa waya a cikin azumi. Amma ka fara da uwargida, cikin dare bayan yara sunyi barci, ka faɗa mata abinda ya faru tsaf da abinda kake shirin yi, kar taji a bakin ƙaninta don in ta nan labarin ya fara shigowa ka shiga uku. Sannan ka zauna da shi kace a gida kai ƙanina ne, a shago kai ma'aikaci ne kamar kowa, kuma ina so kai da bakinka ka faɗa ma mutanen nan cewa daga littafi matsalar ta faro. In ya iya wannan wallahi darajarsa zata ƙaru a idonsu. In ya ƙi yace shi ba zai ƙasƙantar da kansa gaban teloli ba, toh ka samu amsarka, ka nema masa jari ko wani wurin ka rabu da shi cikin mutunci, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Shi kuma Baba, a hankali. Mutumin da ya koya maka riƙe almakashi ka zaftare ma kuɗi a gaban yaran da ya haifi kamarsu, ka san abinda ka aikata kuwa? Ka siyi goro ka same shi a gida ba a shago ba, ka zauna ƙasa ka bashi haƙuri. Bayan nan sai ka roƙe shi abu ɗaya, kuma shine mafi wahala a duk abinda na faɗa maka. A al'adarmu yaro baya gyara ma babba, tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a wajen aiki tana iya kisa. A ranar 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 sukayi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙin ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin jiragen sama na KLM, yana cikin manyan kamfanin, shi ke horar da wasu ma, injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya anya ɗaya jirgin ya bar titin kuwa, babban yace eh ya bari, ya ci gaba da gudu, ba wanda ya sake musa masa. Bayan irin waɗannan haɗurran ne aka shigo da horo na musamman a harkar jiragen sama kan yadda ƙarami zai faɗa ma babba gaskiya da yadda babba zai saurara, ka tambayi duk matuƙin da ya fito daga makarantar jiragen sama da ke nan Zariya zai baka labari. Kai bazaka iya ba ɗan koyo izinin tsayar da Baba ba, in ka gwada ma raini za'a kira shi. Baba ne kaɗai zai iya bada wannan izinin. Ka roƙe shi shi da kansa ya faɗa ma yaran cewa ido ya fara gajiya, duk wanda yaga wani abu ya taimake ni ya faɗa. Kuma ka koya ma samarin yadda ake faɗa, ba Baba kayi kuskure ba, a'a, Baba dan Allah a ƙara duba min wannan ban gane ba. Magana ɗaya ce amma ɗaya tana shiga ɗaya bata shiga. Ka kuma bashi matsayi a fili, kaya basa fita shago sai Baba ya duba ya sa hannu, tuwon girma miyarsa nama.

Guruf ɗin WhatsApp kuwa ka barshi don turo hoton samfurin ɗinki kawai. Mutanen da ke zaune ɗaki ɗaya gwiwa na gugan gwiwa basuyi magana ba, a waya zasuyi? Abinda ya fi shi shine minti goma kowace safiya kafin a tada janareto, a tsaye, me zai fita yau, me ya maƙale, wa ke buƙatar hannu. Ka fara tambayar mafi ƙanƙanta, kai ka zama na ƙarshen magana, don in oga ya riga ya faɗi ra'ayinsa sauran sai dai suce haka ne. Kar ya zama mitin ɗin wa'azi, in ka wuce minti goma ka fara cinye musu kuɗi.

Akwai wani laifin kuma da baka ambata ba amma na san ku teloli, ba'a banza alkawarin tela ya zama abin zolaya a ƙasar Hausa ba. Kaya nawa ka karɓa a azumin nan, kuma nawa shagon ke iya fitarwa a sati in wuta ta zauna lafiya, balle ga halin da NEPA take ciki? Mutumin da yayi kwana goma yana barci awa uku a kan tabarmar shago da azumi a bakinsa zai haɗa awo ko da waliyyi ne. Kafin Babbar Sallah ku zauna ku ƙirga abinda kuke iya fitarwa a sati na gaskiya, ku ninka da satittikan da suka rage, ku rage kaɗan saboda tsautsayi, in an kai adadin a rufe littafi ko wa ya zo. Kuɗin da zaka mayar a bakin ƙofa zai maka ciwo, amma bai kai dubu 300 da Alhaji ba.

Gwanin telanka mai neman shago a Samaru, ka kira shi ka tambaye shi kai tsaye me yake nema. In haushin abinda ya faru ne zai iya sauka in yaga canji. In kuma lokacin tsayawa da ƙafarsa ne yayi, kar ka tare shi, kai ma wata rana ka bar shagon wani. Ka sa masa albarka ku rabu lafiya, gobe in aiki yayi maka yawa shi zaka tura ma ragowa.

In faɗa maka tun yanzu don kar ka karaya, satin farko da na biyu abin zai fi yanzu muni. Da zarar mutanen da suka daɗe da yin shiru sun samu baki, ba godiya ce zata fara fitowa ba, tsofaffin ƙorafe ƙorafe ne, wane ya taɓa ɗauke min almakashi, wane ana bashi kaya masu tsoka. Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Bruce Tuckman, tun 1965 ya rubuta cewa ƙungiya kan bi ta zangon rigima kafin ta daidaita ta fara aiki sosai. In ka fara jin hayaniya a mitin ɗin safe kar kace Kawu ya ɓata maka shago, ƙurji ne ya fashe.

Amma duk wannan bazai fara ba sai ka mayar da kuɗin satin nan da ka zaftare, na mutum takwas ɗin cif, a hannu, kafin Juma'a mai zuwa, ka kuma faɗa musu a tsaye cewa hukuncin nan ban yi daidai ba. Shi kuma mai guga, bayan kowa ya koma kan aikinsa ka ja shi waje ku biyu, ka tuna masa rigar bara, kuɗin da ka cire ba lallai ka mayar ba tunda shi ya ƙona, amma wankin da kayi masa a gaban baƙo ka nemi yafiyarsa. Ka rubuto min bayan layya inji yadda kuka kwashe da uwargida.